Taku Tara Tsakanin Katanga Biyu

Gabatarwa

Karaya iri biyu ce a bakin Bahaushe. Akwai karayar ƙashi, wadda maɗori kan ɗaure da karare, a yi jinya 'yan makonni ta warke. Akwai kuma karayar zuciya, wadda ba ta da maɗori, ba ta kuma yin kumburi balle a gani a yi wa mai ita sannu. Ita wannan ta biyu ba a fagen fama kaɗai take samun mutum ba. Takan sami ɗalibi a aji, ta sami ɗan koyo a maƙera ko a masaƙa, kuma sau da yawa ba wuyar aikin ke kawo ta ba. Abin da ke kawo ta shi ne mutum ya ɗaga kai ya ga wanda suka fara tare ya yi nisa, alhali shi yana nan inda yake jiya.

Manufar wannan maƙala ita ce duba wannan ciwo ta hanyar bin sawun wani saurayi a ƙasar Faransa, mai yin wani wasa wanda karayar nan biyu ke zaune a cikinsa gida ɗaya, har ɗaya takan jawo ɗaya. Ba za a ambaci sunansa ba, domin ba sananne ba ne, bai kuma taɓa cin wata gasa ba. Irinsa ne suka fi yawa a kowane fage, su ne kuwa ba a cika ba da labarinsu ba.

Asalin Wasan

Wasan da ake magana a kansa shi ne wanda Faransawa ke kira farkur, daga wata kalma ta harshensu mai ma'anar hanyar da ake bi. Reshensa da ya fi ba da ƙarfi ga ado da alkafura shi ake ce wa firiranin da Ingilishi, watau gudu ba tare da takura ba. A Hausa ana iya ce da su duka biyu wasan ƙetare-ƙetare, domin abin da mai yinsa ke yi ke nan: ya ƙetare katanga, ya haure shinge, ya yi tsalle daga wannan soro zuwa wancan, ya dira, ya mirgina, ya tashi ya ci gaba da gudu, ba igiya, ba katifa, daga shi sai takalmin ƙafarsa.

Saiwar abin tana komawa ga wani hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Georges Hébert, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1957. A shekarar 1902 dutsen Pelée ya yi aman wuta a tsibirin Martinik, ya hallaka garin Saint-Pierre da mutane kimanin 28,000, Hébert kuwa yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto. Daga baya ya tsara wani horo na jiki wanda ya ƙunshi tafiya da gudu da tsalle da rarrafe da hawa da ɗaukar kaya da jifa da iyo, akidarsa kuma ita ce mutum ya nemi ƙarfi domin ya amfani jama'a. Sojan Faransa suka ɗauki wannan tsari, suka gina filayen atisaye masu shingaye. Raymond Belle, wanda aka haifa a Biyetnam a 1939, ya taso cikin irin wannan horo a makarantar marayu ta soja, sa'an nan ya zama ma'aikacin kashe gobara a birnin Faris. Ɗansa David Belle, haifaffen 1973, shi ya ɗauko abin ya shigo da shi cikin unguwa, a wani ƙaramin gari mai suna Lisses da maƙwabcinsa Evry, kimanin kilomita 30 kudu da Faris. A can ne shi da abokansa da 'yan'uwansa suka shafe shekaru suna horar da kansu a kan katangun makaranta da benaye da wata doguwar katangar siminti ta koyon hawa, mai tsawon mita 17, wadda Pierre Székely ya gina a 1975 a gefen wani tafki. A 1997 su tara suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, kalmar da aka samo daga harshen Lingala na Kwango, mai nuni ga ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya.

Daga nan abin ya fita duniya. Fim mai ɗauke da sunan ƙungiyar ya fito a 2001. A 2003 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna Sébastien Foucan, ɗaya daga cikin taran nan, shi da abokansa biyu suna bin rufin manyan gine-ginen Landan, a wajen shirya wannan shiri ne kuma aka ƙirƙiro sunan firiranin domin masu jin Ingilishi. A 2006 Foucan ya fito a farkon fim ɗin Casino Royale, ana bin sa da gudu a kan ƙarafan gini. A 2017 Birtaniya ta amince da farkur a hukumance a matsayin wasa, a 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a ƙarƙashin hukumar wasan jimnastik ta duniya, duk da cewa da yawa daga cikin masu wasan ba su so a mai da shi gasa ba. Ta haka ne abin da aka fara don horon kai ya zama abin kallo, abin kallo kuwa ba ya rabuwa da gwada wane da wane.

Abokai Biyu

Saurayin da ake ba da labarinsa mazaunin Evry ne, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan na haya. Yana da shekara 17 ya fara wasan, shi da wani abokinsa da suka yi firamare tare. Rana ɗaya suka fara, takalmi iri ɗaya suka saya, a gindin matakala ɗaya suka koyi dira: a sauka a kan gaban tafin ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, kada diddige ya bugi ƙasa, kada a ji ƙara. Watanni shida na farko sun yi masa daɗi ƙwarai, domin kowane mako da sabon abin da jikinsa zai iya wanda bai iya ba a makon jiya. In sun gama sukan zauna a bakin titi, tafin hannu duk ya saɓule, suna nuna wa juna ƙujewar ƙwauri suna dariya.

A cikin shekara ta biyu ne hanya ta fara rabuwa. Shi abokin tun yana ɗan shekara 6 har ya kai 12 iyayensa ke kai shi wasan jimnastik, watau na lanƙwasa jiki da alkafura, saboda haka juyi a iska ba baƙon abu ba ne gare shi. Ga shi kuma ɗalibi ne, yana da sararin fita kwana biyar a mako. Saurayin kuwa ɗan koyon aikin wayar lantarki ne, yakan fita tun da asuba, ya wuni a tsaye ko a kan tsani, ba ya samun fita wasa sai yammacin Laraba da ranar Lahadi. Ya san duk wannan sarai, amma sanin dalili dabam, haƙuri da shi dabam. Abin da idonsa ke gani kawai shi ne, wanda suka koyi dira tare yanzu yana alkafura daga kan katanga, mutane na tafa masa, shi kuwa yana gefe yana riƙe da jakunkuna.

Masu wannan wasa suna da hanyarsu ta auna tazara. Sukan jera ƙafa, diddigen wannan a bakin yatsun waccan, su ƙidaya taku. A bayan wani ginin ajiye motoci a unguwarsu akwai katanga biyu masu fuskantar juna, tsakaninsu taku tara, watau wajen mita biyu da rabi, tsayinsu daga ƙasa wajen mita huɗu, faɗin kan kowacce bai wuce tsawon takalmi ba. Tsallake wannan rata daga tsaye, a dira a kan ta biyu a tsaya cak ba tangaɗi, shi ne abin da matasan wurin suka ɗauka alamar mutum ya fita daga sahun 'yan koyo. Abokin ya tsallake ta a shekararsa ta biyu. Saurayin kuwa, in a ƙasa ne aka ja layi biyu da alli, yakan tsallake taku tara har da ɗoriya ba tare da wata wahala ba. Amma da zarar ya hau katangar ya hangi simintin da ke ƙasa, sai cinyoyinsa su yi sanyi, ratar ta yi masa faɗi kamar kogi.

Da abin ya tsaya ga abokin, da da sauƙi. Sai ga wani yaro ɗan shekara 14, wanda bai cika shekara da shigowa ba, wanda kuma shi saurayin ne da kansa ya koya masa mirgina, ya hau ya tsallake a gwaji na biyu, ya sauko yana murmushi. Daɗin daɗawa, in ya koma gida da dare ya buɗe wayarsa, ga hotuna masu motsi daga Landan da Mosko da sauran birane, yara ƙanana suna yin abubuwan da ko a mafarki bai kai gare su ba. Hoton daƙiƙa goma ba ya nuna gwajin da aka yi aka faɗi kafin a dace, ba ya nuna shekarun da aka yi a ɗakin horo a kan katifa. Amma mai kallo cikin dare, ga gajiya ga ɓacin rai, ba ya yin wannan lissafi.

Ranar Lahadi

Wata Lahadi a farkon hunturu ya ƙudura cewa yau ko ta halin ƙaƙa sai ya tsallake. Ya hau, ya jera yatsun ƙafarsa a bakin katanga. Abokan wasa suka taru a ƙasa, wayoyi uku suka tashi sama suna jiran ɗaukar hoto. Abokinsa ya ɗaga murya ya ce, "Kai dai saki jikinka, ka fi ƙarfin wannan! Kada ka tsaya tunani." Aka fara ƙidaya masa. Ya lanƙwasa gwiwa, ya kai hannuwa baya. A daidai wannan lokaci ya lura da wani abu: idonsa ba a kan bakin katangar da zai dira yake ba, yana kan wayoyin nan ne. Ya kuma ji cewa ƙafarsa ta hagu tana rawa. Sai ya miƙe, ya juya, ya sauko ta inda ya hau.

Ba wanda ya yi masa dariya, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Yaron nan ɗan shekara 14 ya matso ya ce, "Ba kome, yaya, wata rana za ka yi." Abokin ya dafa kafaɗarsa, sa'an nan aka koma wasa kamar ba abin da ya faru. Ya ɗauki jakarsa ya ce yana da aiki a gida.

Mako goma sha ɗaya bai sake fita ba. In abokin ya kira, sai ya ce aiki ya yi yawa, ko sanyi, ko gwiwa na damunsa, har kiran ya fara ja baya. Ya shiga gaya wa kansa cewa wasan yara ne, mutum mai sana'a ba shi da lokacin hawan katanga. Amma in yana tafiya a titi, idonsa bai daina auna tazarar da ke tsakanin dakali da dakali ba. Wata rana mahaifiyarsa, wadda tun farko ba son wasan take yi ba saboda tsoron abin da zai jawo, ta dubi bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, takalman nan naka sun yi ƙura. Da kana fita hankalina ba ya kwanciya, yanzu da ka zauna kuma na ga fuskarka ba ta saki ba." Bai ba ta amsa ba.

Mutumin Lambu

Hanyarsa ta zuwa tashar jirgi da asuba takan ratsa wani lambun shaƙatawa. A nan ya sha ganin wani mutum mai kimanin shekara 45, da furfura a gemu, yana tsalle daga wani ɗan dakali zuwa wani, tazarar da ba ta wuce taku biyar ba, tsayin da bai kai gwiwa ba. Yakan yi, ya dawo, ya sake, ba ko motsin ƙara. Matasan unguwa sun san shi da cewa tun shekarun 1990 yake wasan, ko da yake bai taɓa fitowa a wani fim ba. Wata safiya saurayin ya tsaya ya gaishe shi, magana ta jawo magana, har ya ba shi labarin katangar.

Mutumin ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, a cikin duk abin da ka faɗa, saukowar nan ita ce abin da ka yi na gwaninta. Wanda ya yi tsalle idonsa na kan mutane, ƙafarsa ba ta san inda za ta sauka ba. Katanga ba ta san wanda ya riga ka tsallake ta ba. Nauyinka kaɗai ta sani, da inda ka sa ƙafa."

Saurayin ya ce, "To, babban yaya, kai ba ka taɓa jin zafin a wuce ka ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Har gobe ina ji. Waɗanda muka fara tare, da yawa sun fi ni nesa ba kusa ba. Wasu gwiwa ta zaunar da su, wasu hidimar iyali ta ɗauke su, wasu kuwa suna nan, har yau kuma sun fi ni. Na daɗe da sanin ba zan kamo su ba. Abin da na tambayi kaina shi ne, in ba zan kamo su ba, ina son abin ko ba na so? Na ga ina so. Shi ke nan."

Ya kuma tuna masa ƙa'idojin da mutanen farko suka gindaya wa kansu, kamar yadda su da kansu suka ba da labari. A wurinsu abin da aka yi sau ɗaya ba a yi shi ba. Sai an maimaita shi sau goma a jere, ba rauni, ba kuma tare da mutum ya kai maƙurar ƙarfinsa ba, kafin a ce an iya. In ɗaya ya yi kuskure, dukan ƙungiya ke komawa farko. An kuma hana mutum yin wani motsi don kawai ya nuna fifiko a gaban wanda bai iya ba. Ya ƙara da cewa shi kansa Foucan, wanda duniya ta gani a kan ƙarafan gini, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana tsoron wuri mai tsawo. Abin da mutumin nan ya faɗa duka, Bahaushe ya riga ya dunƙule shi a magana biyu: da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Abin da Ke Kawo Bambancin Sauri

Ya kamata a ɗan dakata a nan a dubi dalilan da kan sa wani ya riga wani, domin yawancin karayar zuciya daga rashin auna su take tasowa.

Na farko, ba kowa ke fara wasa daga wuri ɗaya ba, ko da an fara rana ɗaya. Wanda ya yi jimnastik ko guje-guje yana yaro ya zo da guzurin shekaru a jikinsa. Tsawon ƙafa da nauyin jiki da shekaru duk suna da nasu rabo. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

Na biyu, sassan jiki ba sa girma da sauri ɗaya. Ƙarfin da ɗan koyo ke ji ya ƙaru a makonnin farko, yawancinsa daga ƙwaƙwalwa ne, wadda ke koyon yadda za ta sarrafa tsokar da ke akwai. Tsoka kuma takan ƙaru cikin makonni. Amma agara da jijiyoyin da ke riƙe gwiwa da idon sawu, jini bai cika isa gare su da yawa ba, saboda haka sukan ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Dira daga wuri mai tsawo takan ɗora wa gaɓoɓi nauyin da ya ninka na jiki sau da dama. Wanda ya bi saurin wani, ya ɗora wa jijiya abin da tsoka kaɗai ta shirya wa, yakan gamu da ciwon nan na ƙasan ƙoƙon gwiwa wanda likitoci ke kira gwiwar mai tsalle, ciwon da kan zaunar da mutum watanni.

Na uku, tsoro ma abin horarwa ne, kuma ba ya jin tsawa. Ba ya gushewa don an ƙidaya wa mutum ɗaya, biyu, uku. Yakan ragu ne in an saba masa da abin a hankali, mataki bayan mataki. Yaro ɗan shekara 14 sau da yawa bai gama sanin abin da faɗuwa ke nufi ba. Wanda kuwa yake ci da hannunsa da ƙafarsa, ya san karaya ɗaya za ta raba shi da wurin koyon sana'arsa, dole tsoronsa ya fi nauyi, wannan kuwa hankali ne.

Na huɗu, kowane koyo yana da sarari mai faɗi a tsakiyarsa inda mutum zai yi ta tafiya bai ga ya ci gaba ba. A farko kowane mako da sabon abu, daga baya sai a yi wata uku ana neman ƙarin rabin taku. A wannan sarari ne mafi yawan mutane kan bari, a nan ne kuma duban na gaba ya fi cutarwa.

Komawa Fage

Saurayin ya koma, amma ba wurin katangar ba. Ya sayi ɗan littafi ya shiga rubuta abin da ya yi kowace fita: kwanan wata, tazara, tsayi, sau nawa ya gwada, sau nawa ya tsaya cak. Ya fara da taku tara a ƙasa, a kan layin alli, sai ya yi goma a jere ba kuskure. In ya yi tangaɗi a na takwas, ya koma ɗaya. Bayan makonni ya koma kan dakali mai tsayin gwiwa, daga nan mai tsayin ƙugu, daga nan mai tsayin kafaɗa. Wani matakin ya ci masa mako biyu, wani ya ci wata uku. Ya ƙara da rarrafe da tsugunne-tashi don ƙarfafa gwiwa. Ya kuma rage kallon hotunan dare, ba don ya tsane su ba, sai don ya lura cewa duk daren da ya kalla, washegari littafinsa kan yi masa kama da abin wasan yara.

Amfanin littafin ya bayyana a ranakun da zuciya ta raya masa cewa ba ya ci gaba. Sai ya buɗe shafin wata huɗu baya, ya ga a lokacin sau uku cikin goma yake tsayawa a tsayin ƙugu, yanzu kuwa sau tara. Da ma ido yana ganin nisan da ke tsakaninsa da na gabansa, amma ba ya ganin nisan da ke tsakaninsa da inda ya baro, sai an rubuta masa.

Wani abu kuma ya faru wanda bai shirya ba. Ranar Lahadi, da yake shi ne kullum a wajen ƙananan dakali, sababbin yara suka riƙa taruwa a wurinsa. Gwanaye ba su iya bayyana yadda suke yi, domin ba su daɗe a kan kowane mataki ba balle su san lungunansa. Shi kuwa da ya kwana a kan kowanne, ya san inda ƙafa ke zamewa, ya san abin da za a ce wa yarinyar da ta hau dakali ta kasa motsi. Wata rana wata uwa ta tsaya ta yi masa godiya, ta ce ɗanta ya faɗo daga keke ya mirgina ya tashi ba ko ƙwarzane. A ranar ne maganar Hébert ta neman ƙarfi don amfanin jama'a ta zama masa abin da ya gani da idonsa.

Wata goma sha huɗu bayan waccan Lahadi, da sassafe, ya hau katangar bayan ginin motoci. Ba kowa a wurin sai abokinsa, wanda ya roƙa ya zo ya tsaya masa, da sharaɗin ba waya, ba ƙidaya. Ya dubi bakin katangar ta biyu, ya ga ba ta fi dakalin da ya saba faɗi ko nisa ba. Ya tsallake, ya tsaya. Ya sauko ya sake hawa, har sau goma. Abokin ya rungume shi, suka je suka sha shayi.

Kada mai karatu ya zaci daga nan ya kamo abokin. Ko kusa. A cikin watannin nan abokin ya yi nisan da ba a ko hango ƙurarsa, yana zuwa gasa a wasu garuruwa, yaron nan ma ya wuce shi fintinkau. Wani lokaci in ana tafa musu, yakan ji tsohon zafin nan ya motsa a ƙirjinsa. Bambancin kawai shi ne yanzu ya san sunan abin, ya san kuma ba umurni ba ne; yakan bar shi ya wuce, ya riƙe wa abokin waya ya ɗauke shi hoto da kyau, sa'an nan ya koma kan nasa dakali. A shafin ƙarshe na littafinsa ya rubuta taku tara da rabi, a tsayin gwiwa, uku cikin goma.

Kammalawa

Daga wannan labari ana iya fahimtar cewa kwaɗayin a kamo wani guzuri ne mai saurin ƙarewa, domin kullum akwai wanda ya fi, in ba a unguwa ba, to a waya. Wanda ya dogara da shi, ɗayan biyu ne: ko ya yi tsallen da jikinsa bai shirya ba, ko ya rataye takalmi. Abin da kan riƙe mutum shekara da shekaru shi ne ya sami ma'auni nasa na kansa wanda zai iya dubawa, ya yanka babban buri ƙanana-ƙanana yadda kowane mako zai sami abin cim ma, ya kuma sami wanda ɗan abin da ya iya zai amfana. Ganin gwani ba laifi ba ne, a wurinsa ake sanin abin da zai yiwu. Laifin shi ne a mai da saurinsa agogon da za a auna kai da shi.

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Sun faɗi gaskiya har da ɗacinta, domin ba su yi alkawarin cewa mai tafiya sannu zai riga kowa isa ba. Sun dai ce zai je. Ɗalibin da ya ga abokan ajinsa sun yi gaba, da ɗan koyon da ƙaninsa ya riga shi ƙwarewa, abin da ya rage musu shi ne su tambayi kansu ko suna son abin da suke koyo, ko da ba za su taɓa zama na ɗaya ba. In amsar ita ce i, to, sai a koma bakin aiki, a ɗora daga inda aka tsaya.